Kano zuwa Jidda: awa biyar a takarda

Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, jirgin sama kuma yana cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Kakanninmu kan shafe shekaru a wannan hanya. Su bi ta Borno da Cadi, su tsaya noma a Sudan don neman guzuri, sannan su hau jirgin ruwa a Sawakin. Jikokin waɗanda ba su dawo ba suna can har yau. Amma ni dai ban yarda da lissafin tikiti ba. Awa biyar ɗin na sama ne kawai. Wa ya ƙirga kwana biyun da tsohuwa ta yi a kan tabarma a sansanin alhazai, ta yi matashin kai da jakarta, ana ce mata jirgi na hanya? Ga kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin kujera ya hau. Kana sauka ma sai ka tura agogonka gaba da awa biyu, layin duba fasfo kuwa bai san ka gaji ba.