Kafin a Ƙara wa Mota Gudu, a Fara Duba Birkinta

Maƙalar wannan makon daga Rano ta fito, kuma maganar mota ce.

Bayan girbin bara ƙanena ya sayar da shinkafar da ya noma, aka haɗa da kuɗin bijimin Innarmu, ya sayi 'yar Hijet, irin ƙananan motocin nan da suka cika tashoshinmu. Yana jigilar fasinja da kaya tsakanin Kibiya da Rano, ranar da ya yi sa'ar lodi kuma ya bi ta Bunkure ya shiga Kano. Wata uku da sayenta ya same ni a ƙofar gida bayan Magariba, ya durƙusa ya yi mini doguwar gaisuwa, irin wadda da ji ka san da magana a bayanta.

"Yaya, rancen dubu ɗari uku nake nema. Motar nan ba ta da ƙarfi. In na yi lodi 'yan Golf wuce ni suke yi kamar a tsaye nake. Wani bakanike ya ce in ba da tsohon injin in yi ciko, ya ɗora mini mai turbo, ya buɗe salansa, ya cire indomi, ya ƙara sifirin biyu a baya."

Na ce, "Birkin fa?"

Ya ce, "Birki ai yana ci."

Na ce, "Tayoyin na wace shekara ne?"

Ya yi shiru, yana wasa da makullin motar.

Ban ba shi rancen ba. Mako biyu gaisuwarmu ba ta wuce "ina kwana" ba. Dalilina shi ne abin da nake son mu tattauna, domin maganar ta wuce gidanmu: duk wanda ke shiga motar haya a ƙasar Rano da Kibiya tana shafarsa. Ra'ayina shi ne, ƙaramar mota ana fara gyara ta ne daga abin da ke tsayar da ita da abin da ke sanyaya ta. Ƙarin ƙarfin inji shi ne na ƙarshe a layi, kuma sau da yawa kafin a iso kansa an gane ba a ma buƙatarsa.

Mu fara da sanin mene ne wannan ƙarfi da ake nema. Injin mota wuta ce ake hurawa a cikin ƙarfe: iska da fetur su haɗu, fulogi ya kyasta. Yawan iskar da inji ya shaƙa shi ke ƙayyade yawan man da zai iya ƙonawa, man da ya ƙone kuma shi ne ƙarfin. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san aikin zugazugi: gawayin bai ƙaru ba, amma da an zuga sai wuta ta yi jajir. Turbo da sufacaja zugazugin inji ne. Bambancinsu kawai wanda ke zugawa. Turbo hayaƙin da ke fita shi ke juya shi, sufacaja kuwa bel ne daga jikin injin yake jan sa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a titunanmu. Marsandin nan da samari ke yayi, wadda aka rubuta wa Kompressor a bayanta, ma'anar rubutun ke nan: tana da sufacaja. Daga 2002 kamfanin ya riƙa sa inji mai lita 1.8 a C180 da C200 da C230, girman ɗaya, amma ta farko ƙarfin doki 143 take bayarwa, ta biyu 163, ta uku 192. Wato ana iya matsar ƙaramin inji ya ba da fiye da abin da ya saba. A Ingila da Amurka masu Mini Cooper S ƙirar 2002 zuwa 2006 sun shahara da wannan. Sukan cire fulin da ke kan sufacajar su sa ƙarami, galibi wanda ya gaza na asali da kashi 15 cikin ɗari, don ya riƙa juyawa da sauri ya tura iska da yawa. To amma masu hankalinsu ba a nan suke tsayawa ba. Iskar da aka matse zafi take yi, don haka sukan sauya fulogi da bel, su kula da abin sanyaya iskar, su sha fetur mai daraja ta sama, su inganta birki da taya. Sun san maƙerin da ya ƙara zuga, dole ya tanadi ruwan kashe ƙarfe.

Mu kuma fa? Fetur iri ɗaya ne a gidajen manmu, babu zaɓi. A watan Maris da Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Da hunturu ƙura ce ke shiga ko'ina. A haka ne muke son zugazugin, ba ma son abin da ke biye da shi.

Ita kanta Hijet ya kamata mu san don me aka ƙera ta. Kamfanin Daihatsu na Japan ne ke yin ta, cikin rukunin ƙananan motocin da dokar ƙasar ta iyakance girman injinsu. Tun 1990 iyakar ita ce cc 660, wato bai fi injin babur shida na irin waɗanda muke hawa ba. Ko masu turbo a cikinsu, kamfanonin ba sa wuce ƙarfin doki 64. Kayan da aka yarda ta ɗauka kilo 350 ne, buhun masara uku da rabi ke nan. Birkinta, ƙafafunta, ƙananan tayoyinta, duk a kan wannan lissafi aka auna su. Direba kuma a can gaba yake zaune, inji na ƙarƙashin kujera, tsakanin gwiwarsa da abin da zai daka babu komai sai falle ɗaya na ƙarfe. Yanzu kowa ya tuna abin da idonsa ya gani ana ɗora mata ranar kasuwa: buhuna har sama, awaki a gefe, mutane a kan buhunan.

Ga lissafin da na yi wa ƙanena a ƙasa da tsinke. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa huɗu take yi. Daga kilomita 60 a awa zuwa 80 kaɗai, tazarar ta kusa ninkawa biyu. A gudun 80 mota na cin mita 22 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki. Idan kuma nauyi ya ninka, zafin da birki zai shanye shi ma ya ninka, birkin da ya yi zafi da yawa kuwa sakin jiki yake yi. Hanyoyinmu ba filin tsere ba ne. Akwai ramuka, akwai garken shanu, akwai amalanke, akwai yaran makarantar allo da ke tsallakawa da gudu, akwai mai babur da zai fito daga gona ba ko waige. Wanda ya ƙara wa mota ƙarfi da nauyi ya bar birki yadda yake, ya ƙara wa doki hatsi ne ya bar shi da tsohon linzami.

Sauran gyare-gyaren da aka lissafa masa su ma mu duba su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarin sifirin yana ɗaga bayan mota ne don kada a ga ta durƙusa, amma taya da birki da ƙarfen ƙafa suna nan yadda suke, nauyin kuma a kansu yake sauka. Buɗe salansa ƙara yake ƙarawa, kunne ya ji kamar an samu ƙarfi. Indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, idan ta toshe lallai tana shaƙe inji, amma lafiyayya ba ta da laifin komai. Kuma yana da kyau mai mota ya san akwai ma'adinai masu tsada a cikinta, shi ya sa take da kasuwa. In an ce maka a cire, ka tambaya ina za a kai ta. Haka al'adar cire tamostat da sunan wai don ƙasar sanyi aka yi shi: injin da aka raba da shi yana daɗewa bai kai ɗumin da ya dace ba, ya riƙa shan mai fiye da kima.

Ba zan yi rashin adalci ga direbobi ba, domin hujjarsu tana da nauyi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta kai dubu. Mai motar da ba tasa ba balas na jiransa da yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Ga kuɗin tasha, ga na kamasho, ga cefane. Direban da ya yi sawu uku ya fi wanda ya yi biyu, wanda ya ɗora buhu takwas ya fi mai huɗu. Mu fasinjoji ma ba mu tsira ba. Mu ne muke cewa, "Direba, jaki muka hau ne?" Mu ne muke tsallake motar dattijo mai tafiya a hankali mu shiga ta yaron da ake yi wa kirarin iya taka totur. Don haka in ƙanena ya ce ƙarfi yake nema, abincin gidansa yake nema, na sani.

Sai dai ko ta fuskar kuɗin, lissafin bai fita ba. Inji ba ya ba da ƙarfi kyauta, mai yake ci ya biya. Turbo na son baƙin mai mai kyau da juye a kan lokaci, in aka yi masa ganganci ya tafi, kuɗinsa ba na wasa ba ne. Injin gwanjo da aka ɗora bai dace da wayoyin motar da ƙwaƙwalwarta ba, kullum kana gareji. Ranar da gasket ya ƙone a hanya da lodin tumatir cikin rana, ribar wata guda ta tafi. Mintoci nawa ne ma gudun zai rage tsakanin Kibiya da Rano? Ba su kai a jinginar da bijimin Inna a kansu ba, balle ran mutum.

Inna ce ta shiga tsakani. Ta ce, "Kai babba, in ba za ka ba shi abin da ya roƙa ba, ai ka ba shi abin da kake ganin ya dace." Muka kai motar wurin wani dattijon bakanike. Da aka kwance ƙafar baya, takalmin birkin ya cinye har ƙarfe na gogar ƙarfe. Man birkin ya yi baƙi. Matatar iska ta cushe da ƙura kamar an yi mata yaɓe. Fulogi ɗaya ya mutu murus, a injin da uku ne gaba ɗaya. Mai faci ya nuna mana lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ɗaya daga cikin na gaba 1214 aka rubuta, wato mako na 12 na 2014. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuwa gargaɗinta shi ne taya ta shekara huɗu daga ƙera ta, ta gama aiki.

Muka shiga Kofar Ruwa muka sayo kaya. Sabbin tayoyi, takalmin birki, man birki, fulogi, matata, aka wanke lagireto, aka juye baƙin mai. Kuɗin bai kai abin da ya roƙa ba. Washegari da ya dawo daga aiki ya ce, "Yaya, kamar an sauya ta." Ba a ƙara mata komai ba. Ƙarfinta na asali ne da ya zube a hanya aka tsinto mata.

Ga tsarin da nake ba duk mai ƙaramar mota shawara ya bi. Na farko taya da iskarta. Na biyu birki. Na uku sitiyari da ƙafa, musamman ga motocin da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu bayan sun shigo ƙasar. Na huɗu ruwa da lagireto da fanka. Na biyar matata da fulogi da baƙin mai. In an gama waɗannan mota ba ta isar da aikin ba, to aikin ne ya fi ƙarfinta, a tara kuɗi a sayi babba.

Shugabannin tasha kuma suna da abin yi wanda ba ya buƙatar ko kwabo daga gwamnati. Yadda ba a barin mota ta yi lodi sai ta biya kuɗin tikiti, haka za a iya hana ta lodi in tayarta ta sule. Masu ba da mota haya su sassauta balas, kada su tura yaro neman abin da sai da ganganci ake samu. Mu fasinja mu daina zuga direba. Dokar hanya ta ce motar haya kada ta wuce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya. In ka ga an zarce, ka yi magana, ba rashin kunya ba ne.

Ban ce na ci nasara a kan ƙanena ba. Jiya ma na ji shi yana waya yana tambayar farashin injin nan, kuma na san yana zuba adashi. Motarsa ce, ranar da kuɗinsa suka cika ba ni da ikon hana shi. Abin da na samu kawai shi ne alkawari a gaban Inna cewa ba zai wuce buhu biyar ba, kuma duk wata zai kai a duba birki. Ko biyar ɗin ma sun zarce ƙa'ida, a nan dai cinikin ya tsaya.

Masu 'yan uwa direbobi a cikinku, ku leƙa gefen tayarsu yau ku karanta lambobi huɗun nan. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.