Tayar keken hawa dutse: Kada a jira sai ta fashe

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, keke ya dawo da martabarsa a garuruwan Arewa. Ma'aikatan da suka jingine babur, ɗaliban manyan makarantu, iyayen da kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfinsu, da yawa sun koma taka feda. Abin lura shi ne ba irin kekunan da iyayenmu suka sani aka koma wa ba, wato Raleigh da Phoenix masu dogon sirdi. Abin da ya cika titi yanzu keken hawa dutse ne, mai giya da ƙatuwar taya mai haƙora, akasarinsa na hannu da ake shigowa da shi daga ƙetare.

Mai sayen irin wannan keke yakan duba giya, ya matsa birki, ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya yi ciniki a kan fenti. Taya kuwa sai dai ya danna ta da babban yatsa, in ya ji iska shi ke nan. Alhali ita ce kaɗai ke taɓa ƙasa a duk jikin keken, kuma wurin da take taɓawar bai kai faɗin tafin hannu ba. Komai kyan birki, aikinsa tsayar da wili ne kawai. Taya ce ke tsayar da keke. Ra'ayina shi ne al'adar da muka ɗauka ta hawa taya sai ta fashe ba tattali ba ce, asara ce ake jinkirtawa, wani lokacin har da ta lafiya.

Yana da kyau a san inda wannan keke ya fito, domin a nan ne za a gane dalilin da tayarsa ta bambanta. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, irin su Joe Breeze da Gary Fisher, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa. Ke nan an yi haƙoran tayar ne domin su ciji ƙasa mai laushi, tsakuwa da laka. Mu kuwa yawancinmu a kwalta muke hawa, kwaltar da ke ɗaukar zafi kamar tanda a watan Afrilu. Kwalta tana cin haƙoran taya kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe, musamman ta baya, wadda ke ɗauke da mafi yawan nauyin mahayi, ita ce kuma ke karɓar ƙarfin feda.

To yaushe taya ta gama aiki? Kowa ya san suɗaɗɗiyar taya, wadda haƙoran tsakiyarta suka shafe ta koma sumul. Wannan ba ya buƙatar bayani. Amma a tayar hawa dutse ba sai an kai nan ba. Haƙori yana kama ƙasa ne da kaifin gefensa, in gefen ya dakushe ya zama kamar kan tsakuwar rafi, to riƙon ya ragu ko da tsayinsa na nan. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwatanta haƙoran tsakiya da na gefe. In na tsakiya sun koma kamar rabin tsayinsu na asali, mai hawa hanyar burji ko gangaren duwatsu, kamar na wajen Jos ko gefen Kufena a Zariya, ya fara neman wata. Mai zirga-zirgar cikin gari zai iya ɗan ƙara ja da ita.

Haƙoran gefe su ne mutane ba sa kallo, su ne kuma ke riƙe keke in an karkata za a sha kwana. Ka sa yatsa ka tura su waje ɗaya bayan ɗaya. In ka ga gindinsu ya tsage, ko suna lanƙwashewa kamar za su cire, ranar da ka karya kwana a kan yashin da iska ta watso gefen titi, tayar za ta zame ba tare da ta yi maka sallama ba.

Amma babban abin da ke kashe taya a ƙasarmu ba tafiya ba ce, tsufa ne da rana. Roba tana bushewa. Hasken rana da zafi suna sa ta yi tauri ta fara tsattsagewa, kamar diddigen ƙafa a lokacin hunturu. Keken da ake jinginewa a tsakar gida rana ta dake shi daga safe har la'asar zai iya lalata taya haƙoranta na nan sababbi fil. Haka wanda ake ajiyewa kusa da janareto, inda fetur da baƙin mai ke zuba, domin dukkansu suna cin roba. Ka sauke iskar kaɗan ka matse gefen tayar da hannu. In ƙananan tsage sun buɗe, ta fara tsufa. In kana hango zaren da ke ciki, ko ka ga zaren ya fito ya yi gashi-gashi, magana ta ƙare. Wannan zaren shi ne ƙashin bayan taya, shi ke riƙe iska, robar waje riga ce kawai. Kumburi a gefe kuwa alama ce zaren ya riga ya tsinke a wurin, tif ɗin ciki ne ke neman hanyar fita. Irin wannan ba a hawanta ko zuwa bakin layi.

A nan ne nake da 'yar magana da masu faci, duk da na san su ne gatan talaka. In gefen taya ya yage, abin da aka saba shi ne a yanko guntun tsohuwar taya a cusa ta ciki, wani ma har ya ɗinke da zare. Wannan dabara ce mai kyau ta kai mutum gida, ko a ƙasashen da aka ƙera keken ana yin irinta. Matsalar ita ce a wurinmu dabarar kai mutum gida takan zama gyaran shekara. Haka in faci ya yi yawa. Wanda ya ga yana zuwa wurin mai faci kowane mako, ya daina zargin tsidau da ƙusoshin kan hanya kawai. Tsidau na nan tun can. Robar ce ta yi sirara har ƙayar da da ba ta iya ratsawa yanzu take wucewa. In ya haɗa kuɗin facin wata uku da lokacin da ya ɓata yana tura keke a rana, zai ga lissafin ba ya wajensa.

Tayar mota tana ɗauke da lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, shi ya sa jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke iya tsayar da direba su ce tayarsa ta wuce wa'adi. Tayar keke yawanci ba ta da wannan alama a yadda mai saye zai karanta, babu kuma jami'in da zai tsayar da ɗan makaranta ya duba masa. Dubawar ta rage ga mai keke, ko ga uban da ya saya wa ɗansa. Saboda haka ne ba na goyon bayan sayen tayar hannu, komai girman sunan da ke jikinta. Tayar Maxxis ko Schwalbe da ta shekara goma a wani garejin Turai kafin ta shigo kwantena, sabuwar Kenda ko CST mai sauƙin kuɗi ta fi ta aminci. Sunan ba ya hana roba bushewa.

In an zo saye, abu na farko lamba ce, kuma a nan ake yawan yin asarar kuɗi. Kada a dogara da "inci 26" kawai, domin akwai tayoyi fiye da ɗaya da ake kira 26 kuma ba sa shiga wili ɗaya. A jikin kowace tayar kirki akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 54-559. Ta farko faɗin tayar ce da milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar wilin da za ta zauna a kai. Keken hawa dutse mai inci 26 lambarsa 559 ce. Mai 27.5 kuma 584, mai 29 kuwa 622. Tayar da aka rubuta wa 26 x 1 3/8 lambarta 590 ce, ba za ta zauna a wilin 559 ba ko mai shago ya rantse. Ta tsohon keken iyayenmu, 28 x 1 1/2, ita kuma 635 ce. Lambar ta biyu dole ta zo daidai. Ta farko ana iya ɗan sauya ta, muddin tayar ba za ta goga jikin keke ba, a kuma bar sarari saboda lakar damina. A duba bawul ɗin tif ma: akwai mai kauri irin na mota da babur, wanda kowane mai faci ke da famfonsa, akwai siriri mai ɗan murfin murɗawa da ake kira Presta, wanda sai da ɗan mahaɗi ake iya sa masa iska a yawancin wuraren facinmu. Mai irin wannan ya sayi mahaɗin ya ajiye a aljihu.

Sai zaɓen haƙora, inda ido ke yaudarar mutane. Matashi yakan so mai manyan haƙora saboda ta fi kama da ta masu tsere. In hanyarka daga Hotoro zuwa Sabon Gari ce a Kano, kwalta zalla, wannan tayar wahala kawai za ta ƙara maka: ta fi nauyi, tana ƙara, tana shan ƙarfin ƙafa, kuma ta fi saurin cinyewa. Abin da ya dace da kai mai ƙananan haƙora ce da suka matsu a tsakiya, faɗin inci 1.75 zuwa 1.95, in da hali mai shimfiɗar kariya daga huda a ƙarƙashin robar. Wanda ke bin hanyar ƙauye mai yashi ya nemi mai faɗi, 2.1 zuwa sama, domin faɗi ne ke hana nutsewa a yashi. Mai shiga laka da damina shi ke buƙatar haƙora masu tazara, waɗanda ke zubar da laka maimakon su tara ta. Roba mai laushi ta fi riƙo amma ba ta daɗewa, mai tauri ta fi jure kwalta. Ga mai zuwa aiki kullum, mai taurin ce abokiyar tafiya.

Akwai tayoyin zamani marasa tif, da ake zuba wa wani ruwa mai toshe huda da kansa. Ga ƙasar ƙaya kamar tamu abin sha'awa ne, amma suna buƙatar wilin da aka yi domin su, ruwan kuma yakan bushe cikin 'yan watanni, ya fi saurin bushewa a zafi. Wanda ba shi da inda zai riƙa samun ruwan ya tsaya a tif ɗinsa.

In kuɗin taya ɗaya kawai ake da shi fa? Yawancin mutane baya suke sa sabuwar, tunda ita ce ta fi cinyewa. Na fi ganin a sa sabuwar a gaba, a mayar da ta gaban baya in har tana da sauran lafiya. Dalilin a fili yake. Tayar baya in ta zame ko ta fashe, sau da yawa mahayi yakan iya sa ƙafa ya tsaya. Ta gaba in ta zame, kafin ya ankara ya kai ƙasa, kuma a titunanmu abin da ke bayansa adaidaita sahu ne ko tifa. Abin da ba a yi shi ne ɗauko suɗaɗɗiyar ta baya a kai gaba wai don su cinye tare. A kuma lura da kibiyar da ke gefen taya lokacin ɗaurawa, tana nuna inda za ta riƙa juyawa. Masu gyara da yawa ba sa kallonta, sai mai keke ya tuna musu.

Iska ma tana cikin abin da ke ƙayyade kwanan taya. Mai faci da ya saba da babur yakan ɗura har sai ta yi tauri kamar dutse, mai keke kuma ya ji daɗi wai ta fi gudu. A gefen tayar an rubuta mafi yawan iskar da za ta ɗauka, a yawancin tayoyin hawa dutse bai wuce 65 a ma'aunin psi ba, ba kuma a ce sai an kai can ba. Iska in ta yi yawa, keken yakan yi tsalle a kan tsakuwa, riƙo ya ragu, tsohuwar taya kuma tana iya fashewa in ta sha rana. In ta yi kaɗan, gefen tayar yana lanƙwashewa a kowane juyi har zaren ya gaji, in kuma aka daki bakin rami wili ya matse tif ya yi masa huda biyu a jere. Wanda ya ga irin wannan hudar ya san ba ƙaya ba ce, iskarsa ce ba ta kai ba. Ƙaramin famfo mai ma'auni, a duba sau ɗaya a mako, a kuma nemi inuwa a riƙa jingine keken, musamman daga Maris zuwa Mayu.