ZAUREN LAFIYA: Ɗaya Ta Zama Biyu

Ɗan dako ya yanke a kasuwar kayan gwari, kwana goma rauni ya haɗe. Wa ya ɗinke? Jikinmu ƙwayoyin halitta ne, ido ba ya ganinsu. Wadda za ta rabu sai ta kwafi zaruruwan gadonta, guda 46, sa'an nan ta tsage biyu, biyu su zama huɗu. Wani Bajamushe, Walther Flemming, ya bayyana wannan a 1882.

Da rauni ya cike sai su dakata. To, waɗanda suka ƙi dakatawa kuwa, su ne sankara. Alhaji, in ka ji ƙullutu yana girma, ko babu zafi, kada ka ce sai ciniki ya lafa. Rufe shago, tafi likita ya duba.