Jitar Da Ka Sayar Ba Ta Dawowa Da Sauƙi

'Yan makaranta, wannan makon kiɗa za mu taɓa, amma ta ɓangaren kasuwa. Akwai wani kuka da tsofaffin makaɗan Turai da Amurka suka cika yi idan hira ta yi nisa. Sai ka ji mutum ya ce akwai wata jita da ya taɓa mallaka yana saurayi, ya sayar da ita ko ya yi musaya, yau ga shi da kuɗin sayen guda ɗari amma waccan ɗin ta yi masa nisa. Masu kaɗa jitar bes suna sahun gaba a wannan kuka.

Ga wanda bai san ta ba, jitar bes ita ce mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wasu biyar ko shida. Amonta a ƙasa yake, irin wanda kake ji yana dukan ƙirjinka idan an ƙure lasifika a gidan biki. Ita da ganga ne ke riƙe da kiɗa, sauran kayan su hau kai. Yawancin waƙoƙinmu na situdiyo da fiyano ake fitar da wannan amo, shi ya sa da yawanku kun san sautin amma ba ku taɓa ganin kayan ba. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da ita kasuwa sosai a 1951 a jihar Kalifoniya, da samfurin da ya kira Precision, sannan a 1960 ya ƙara wani mai suna Jazz. Kafin nan mai bes sai ya yi ta fama da wani ƙaton goge mai tsayin mutum, wanda ko a mota sai an yi dabara yake shiga.

Na san tambayar da za ku yi. Abin da ake ƙerawa dubbai a masana'anta, in ka sayar da ɗaya me zai hana ka sayi wani irinsa? Amsar farko tana cikin itace. Katako biyu ba sa zama ɗaya ko da daga bishiya guda aka yanko su, wani ya fi nauyi, wani ya fi bushewa, kuma a wancan zamani da hannu ake goge wuyan jita, don haka kaurin wannan ya ɗan bambanta da na wancan. Amsa ta biyu tana hannun mai kaɗawa. Mutumin da ya shekara goma yana kaɗa jita ɗaya, yatsunsa sun haddace ta. Fenti ya goge a daidai inda yake ɗora babban yatsa, ya san tsirkiyar da ke ɗan gardama da yadda ake lallaɓa ta. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Ditiroit, yakan yi shekaru bai canza tsirkiya ba sai in ta tsinke, saboda amon tsohuwar yake so. Duk wannan ba ya shiga lissafin mai saye. Shi itace da waya da maganaɗisu yake taya maka, shekarunka kuwa kyauta ka ba shi.

Sai kuma abin da kasuwa ta yi wa mutane. A farkon 1965 kamfanin CBS ya sayi masana'antar Fender a kan dala miliyan 13. Aka ƙara yawan abin da ake ƙerawa, aka canza wasu abubuwa, makaɗa da yawa suka fara cewa ingancin ya ragu. A hankali sai aka koma neman waɗanda aka yi kafin 1965. To amma kafin a farga, samari da yawa sun riga sun kai tsofaffin jitocinsu kanti, sun yi ciko, sun karɓo sababbi masu sheƙi. A ganinsu sun rabu da tsohon kaya mai ƙuje-ƙuje. Yau Precision ko Jazz ta farkon shekarun 1960 mai lafiya dubban daloli ake sayar da ita, wata ma dubu gommai. Wanda ya bayar da tasa don ya sami mai sabon fenti, in ya ga irinta a gwanjo sai dai ya haɗiye yawu.

Kada dai ku ɗauka tsufa ne kaɗai sirrin. Geddy Lee, mai bes na ƙungiyar Rush ta Kanada, ya shiga wani kantin jingina a garin Kalamazoo na jihar Mishigan ya tarar da wata Jazz ƙirar 1972, wato ta zamanin da ake rainawa. Ya saye ta a kan kimanin dala 200. Ita ce ta zama babbar jitarsa, ya zaga duniya da ita, har daga baya kamfanin Fender ya riƙa ƙera masu kama da ita ɗauke da sunansa. Ni wanda nake tunawa a wannan labari shi ne mutumin da ya kai ta kantin. Irin waɗannan kantuna wurin mai matsuwa ne: ka ajiye kayanka, a ba ka kuɗi ƙasa da darajarsu, in wa'adi ya cika ba ka fansa ba a sayar. Ya karɓi 'yan canjinsa ya tafi, sunansa bai shiga tarihi ba.

Labarin da ya fi nuna zafin abin ya faru ne a kan jita mai tsirkiya shida, amma ciwon ɗaya ne. Peter Green, wanda ya kafa ƙungiyar Fleetwood Mac a Ingila, yana da wata Gibson Les Paul ƙirar 1959. Ɗaya daga cikin maganaɗisun da ke ɗaukar sautinta a juye yake, kuma wannan aibin shi ya ba ta wata siririyar murya mai kamar ta hanci da ba a samu a sauran ba. A farkon shekarun 1970 Green ya sayar da ita ga wani matashi ɗan birnin Belfas, Gary Moore, a kan abin da Moore ya samu da ya sayar da tasa jitar, wato kusan kyauta. Moore ya riƙe ta sama da shekara 30. A 1995 ma ya yi faifai sukutum na waƙoƙin Green da ita don girmama shi. Sai ya ji ciwo a hannu, aka soke wasanni, ɗawainiya ta hau kansa. A 2006 ya sayar da ita, kuma bai ɓoye cewa ba da son ransa ya yi ba. Ba a daɗe ba ya ga dillalai sun sa ta a kasuwa da kuɗin da ya fi wanda suka ba shi. Ya rasu a ƙasar Sifen a 2011 ba ta dawo hannunsa ba. A 2014 Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica ya saye ta.

Ku lura da bambancin mutanen nan biyu. Green ya zaɓi wanda zai ba, ya ga hannun da za ta shiga, kuɗi bai dame shi ba. Moore ya sami kuɗi masu yawa ƙwarai, amma bashi ne ya zaɓa masa ranar ciniki. A ganina nan ne tushen da-na-sani yake, wajen waye ya yanke ranar, kai ko matsuwa, kai ko kwaɗayin sabon abu.

Wani zai ce ai in hali ya samu sai a nemo ta a sake saye. Bari mu ga yadda neman yake. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi bes ƙirar Höfner a birnin Hambug na Jamus a 1961, a kan kimanin fam 30. Bahago ne, ita kuma gefenta biyu iri ɗaya ne kamar goge, sai ta dace da shi. Da ita aka ɗauki waƙoƙin farko da suka fito da Beatles. Shi bai sayar ba, sace ta aka yi daga bayan mota a unguwar Notting Hill ta Landan a 1972, ɓarawon kuma ya sayar wa wani mai gidan giya. Daga nan ta ɓace. Sai da wani ma'aikacin kamfanin Höfner da 'yan jarida suka buɗe neman ta a duniya, jaridu da talabijin suka yayata, sannan wasu iyali a garin Hastings suka gane ita ce ajiye a saman rufin gidansu. A watan Fabrairun 2024 aka sanar ta koma hannunsa, bayan sama da shekara 50. Wannan fa mutum ne da duniya ta san fuskarsa kuma kuɗi ba matsalarsa ba ce. To ina ga wanda ya sayar da tasa ga wani baƙo a kasuwa, ko lambarta bai rubuta ba?

Jaco Pastorius, wanda masana da yawa ke sa shi cikin gwanayen bes na kowane zamani, bai ma sami wannan sa'ar ba. Ya cire ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan Jazz ɗinsa ƙirar 1962, ya cike gurabensu, ya shafe wuyan da irin ƙaron da ake shafa wa jirgin ruwa, ta riƙa fitar da amo mai santsi kamar muryar mutum. An ɗauke ta a wani wurin shaƙatawa a Niyok a 1986, shi kuma ya rasu a 1987 yana da shekara 35. Bayan kimanin shekara 20 ta bayyana a wani kantin kayan kiɗa, aka yi ta jayayya tsakanin mai kantin da iyalinsa, har Robert Trujillo ya sa kuɗinsa aka warware. Abin mamaki, Trujillo shi ne mai bes na Metallica, don haka jitar Moore da ta Pastorius ƙungiya ɗaya suka ƙare.

Ban ce duk sayarwa kuskure ba ce, kuma ba na son ku zama masu tara tarkace. Shi kansa Pastorius ya taɓa mallakar ƙaton gogen nan yana saurayi. Damshin jihar Fulorida ya tsaga masa shi, sai ya musanya da bes mai lantarki, kuma wannan musayar ce ta buɗe masa hanya. Bill Wyman na ƙungiyar Rolling Stones ya kai kayan kiɗansa gwanjo a 2020 yana da shekara 83, shekaru da yawa bayan ya bar ƙungiyar. Bes ɗinsa ƙirar Mustang ta 1969 ta tashi a dala 384,000, wani kaso na kuɗin gwanjon ya tafi ga ƙungiyoyin agaji. Ya gama aikinsa da ita, shi ya sa rana, babu mai bin sa a ƙofa. Haka kuma in rashin lafiya ce a gida ko kuɗin jarrabawa ya tsaya, babu jitar da ta kai wannan, a sayar kawai, ciwon rabuwa ya zo daga baya.

Kaɗan ne daga cikinku ke da jita, na sani. Amma kusan kowa yana da abin da hannunsa ya saba da shi: keken da ya kai ka makaranta tun aji ɗaya, keken ɗinkin da Inna ta bar miki, kyamara, ƙamus ɗin da Baba ya rubuta sunansa a bango, ko wayar da hotunan Kaka ke ciki. Abokai za su ce ka yi ciko ka karɓi sabuwa. Kafin ka amsa, ka raba kayan gida biyu a ranka, wanda kanti zai iya mayar maka da irinsa gobe da wanda ba zai iya ba. Na farkon a sayar ba fargaba. Na biyun ka ba shi mako biyu, in har kwaɗayin sabon bai huce ba sannan a yi magana, kuma kada ka taɓa abin gado ba da sanin iyaye ba.

In dole ta sa, ka yi irin ta Peter Green, ka nemi wanda ka sani kuma zai riƙe abin da daraja, ko da tayinsa bai kai na baƙo ba. Ku yi magana a gaban shaida cewa duk ranar da zai sayar, kai zai fara yi wa tayi. Ka ɗauki hoton kayan, har da tabo da ƙujewar da ke jikinsu, ka rubuta lambar masana'anta a bayan littafinka. A jitocin Fender lambar tana kan wani ɗan farantin ƙarfe a bayan jiki inda wuya ya haɗu, ko a kan jitar can sama wajen maɗaurin tsirkiya. A keke kuwa yawanci tana ƙarƙashin inda feda take, sai ka kifa shi za ka gani.