Sharhi: Zaƙin Agabe Da Haɗarin Da Ke Ɓoye Cikin Furuktos

Tun da Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, a ƙarƙashin Dokar Kuɗi ta 2021, batun sukari ya shiga bakin jama'a. Masu ciwon suga da masu fama da ƙiba sun duƙufa neman abin da zai maye musu gurbinsa. Daga cikin abubuwan da ake tallata musu, musamman a intanet, akwai ruwan zaƙin agabe, wanda ake cewa na halitta ne kuma ba ya ɗaga sukarin jini. Ya kamata mu duba wannan magana da idon basira.

Agabe tsiro ne mai kama da kabar giwa, ana nomansa a ƙasar Meziko, musamman jihar Jalisco. Abin da ake sayarwa a kwalba ba ruwan tsiron ba ne kamar yadda Allah ya halicce shi. Sai an tatse shi, an dafa ko an sa masa sinadarai, an tace, kafin ya zama zaƙi. A ƙarshe, yawanci fiye da kashi 70 cikin 100 na sukarin da ke ciki furuktos ne, alhali sukarin rake da muka saba da shi rabi furuktos ne, rabi gulukos.

A nan gizo ke saƙa. Gulukos kusan dukkan sassan jiki ke amfani da shi, amma furuktos idan ya yi yawa, hanta ce ke ɗaukar nauyin sarrafa shi, ta mayar da wani kaso kitse. Shi ya sa na'urar awon suga ba ta nuna tashi sosai bayan an sha, mai shan kuwa ya ɗauka ya tsira. Wani bincike da aka wallafa a 2009 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, a Amurka, ya bai wa masu ƙiba abin sha mai furuktos na mako 10. An tarar kitsen cikin tumbinsu ya ƙaru, jikinsu kuma ya rage jin insulin, fiye da na waɗanda aka bai wa gulukos. Haka nan yawan furuktos na ƙara sinadarin da ke haddasa ciwon gaɓoɓi da likitoci ke kira gaut.

Wannan bai shafi mangwaro ko gwaiba ko lemo da ake ci ɗungurungum ba, domin harzarsu na sa sukarin ya shiga jiki sannu a hankali. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, zuma da ruwan 'ya'yan itace da duk wani ruwan zaƙi a layi ɗaya suke da farin sukari. Ta ce kada su kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, kuma ya fi kyau a tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin cokalin shayi 6 ga babba.

Saboda haka muna kira ga jama'ar jihar nan da kada tsadar kaya ko baƙon suna ya ruɗe mu. Mu rage zaƙin da muke zubawa a shayi, koko, kunu da zoɓo, ko wane iri ne. Mu riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, mu tabbatar da lambar NAFDAC. Mai ciwon suga kuwa, kada ya sauya abin zaƙi sai ya tuntuɓi likitansa.