Tarin Fuka: Kada A Bar Dattijon Karkara Shi Kaɗai

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ba kasafai ake ɗaukar tarin dattijo da muhimmanci ba. Sai a ce sanyi ne, ko ƙurar hunturu, ko tsufa. Sai rama ta bayyana, gumin dare ya yawaita, sannan a nufi asibiti, a auna kaki, a ce tarin fuka ne.

Tun shekarar 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar wannan cuta, kuma maganinta kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati a Nijeriya. Ana shan magunguna iri 4 na wata 2, sannan iri 2 na wata 4, kullum ba fashi. Faɗa da baki ba wuya. Amma wata 6 a karkarar Kano damina ce sukutum, daga sharar gona har girbin dawa.

A nan gizo ke saƙa. Da an yi 'yan makonni, tari ya lafa, dattijo ya ji ƙarfi-ƙarfi, sai ya hangi ciyawa ta cinye masa gero, 'ya'yansa kuma suna birni neman kuɗi. Ya ɗauki fartanya, ya ajiye magani. Cutar ba ta mutu ba, kwanto ta yi, kuma tana iya dawowa da nau'in da ba ya jin maganin farko.

Jikin tsoho ma ba irin na saurayi ba ne. Maganin kan mayar da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan ido ya yi ɗorawa, ko gani ya soma dushewa, ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti nan take, kada a jingina wa shekaru. Mai ciwon suga kuwa kulawarsa ninki biyu ce.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wariya. Tsohuwar da ta raini gida guda, sai a ware mata kwano da moɗa, a kore jikoki daga ɗakinta. Alhali ta iska cutar ke yaɗuwa, ba ta kwano ba, kuma haɗarin yaɗa ta kan ragu ƙwarai bayan an yi makonni ana shan magani daidai. A buɗe taga, a zauna a inuwar tsakar gida, a kai sauran mutanen gidan gwaji.

A ganinmu, dattijon da ya kammala magani, gidansa ne ya kammala tare da shi. Akwai jikan da ke miƙa masa ƙwaya kowace safiya, da surukar da ke tanadin wake, gyaɗa da nono, da ɗan da ke biyan kuɗin acaɓa ranar karɓo magani.

Don haka muna kira ga ƙananan hukumomi da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano su kusanto da maganin ga tsofaffi, su haɗa da tallafin abinci. Dagatai da masu unguwanni su farfaɗo da gayya domin gonar majinyaci. Ku kuma 'ya'yan karkara da ke ofisoshin Kano da Abuja, aiken kuɗi bai wadatar ba. Ku riƙa tambayar ko Baba ya sha maganinsa yau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.