Mai Sharhin Yaƙi Ma A Duba Masa Takarda

Tun ranar 24 ga Fabrairu 2022 da Rasha ta tura dakarunta cikin Yukiren, ɗakunan malamai suka cika da janar-janar. Daga Dandin Mahe har Shagari, da wuya a tashi tara ba a ji wani ya kunna muryar mai sharhi a waya ba, mutumin da bai taɓa jin ƙarar igwa ba, yana rantsuwa cewa wane ya gama da wane. Da abin ya tsaya a hira, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma kwanan baya wani ɗalibi ya rubuta mini a aikin gida cewa akwai ƙasar da duniya duka ba ta isa ta ja da ita ba. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce malami ne ya faɗa a aji.

To, mu da sana'armu ita ce duba takarda, bari mu duba ta waɗannan masana. Masu goyon bayan Rasha sun ce birnin Kiyef zai faɗi cikin kwanaki. Zuwa farkon Afrilu 2022 sojojin Rasha sun janye daga kewayensa. Masu goyon bayan Yukiren sun ce takunkumi zai durƙusar da Rasha cikin watanni, kuma farmakin 2023 zai kori dakarunta. Farmakin bai kai gaci ba, garin Bakhmut ya faɗa hannun Rasha a watan Mayu na shekarar. Ɓangarorin biyu sun faɗi jarrabawa, amma wa kuka ji ya dawo ya ce ya yi kuskure? Sai dai sabon hasashe ya binne tsoho. Dattawanmu ba su manta da Sahhaf ba, ministan yaɗa labaran Iraƙi, wanda a Afrilu 2003 yake musanta shigar Amurkawa Bagadaza alhali tankokinsu na cikin gari.

Babban kuskurensu shi ne ɗaukar ƙidayar makamai a matsayin ƙarfi. Tarihin ƙasar nan ya ishe mu raddi. A Tabkin Kwatto a 1804, Sarkin Gobir Yunfa ne ke da dawaki da lifidi, amma jama'ar da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta, wanda daga baya ya zauna nan Bodinga, ita ta yi rinjaye. A Giginya kuwa, a Maris 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka fi yawa, bindigar Nasara ta yi galaba. Can mai makami ya sha kashi, nan mai yawa ya sha kashi. Yaƙi yana tafiya ne da guzuri, da horo, da sanin ƙasa, da juriyar mutane, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ake hangowa daga Facebook.

Wani zai ce ai kowa yana da 'yancin ra'ayi. Gaskiya ne, a majalisa. A gaban allo kuwa amana ce, domin yaro ba ya bambanta ra'ayin malam da karatu. Malamanmu na zaure ba sa karɓar ruwaya sai sun san wanda ya kawo ta da yadda gaskiyarsa take. Mu ma mu yi wa kowane mai sharhi tambayoyi uku: me ya faɗa bara, ya tabbata? Daga ina ya samo labarinsa? Wa ke amfana idan muka yarda?

Wanda ya kasa amsawa, a ba shi sifiri kamar yadda muke ba ɗalibin da ya yi satar amsa. Kada a sake shigar da maganarsa aji.